Ɗingishin Bikili da Tsayuwar Danda

A bargar Kawu dawaki biyu suka tsufa tare, Bikili da Danda. Launin gashinsu ne kawai aka mayar suna, kamar yadda aka saba a gidajen masu dawaki. Shekara da shekaru Kawu yana hawansu a bayan hakimi, ƙaramar sallah da babba, yau wannan gobe wancan. Da suka haura shekara ashirin sai ya sauke musu sirdi, ya sayi dukushi, su kuma ya bar su a turakunsu suna cin harawa da dusa. Cewa ya yi dokin da ya ɗauke ka da ƙuruciyarsa ba a kai shi kasuwa da tsufansa.

Duk wanda ya leƙa bargar nan, Bikili yake fara tausaya wa. Tun wata zamiya da ya yi a wajen jafi ƙafarsa ta baya ta hagu ta sage. In yana tafiya ba ya ɗaga ta sosai, bakin kofaton yana jan ƙasa, har kana iya bin sawunsa daga turke zuwa bakin rijiya ta layin da ya zana a rairayi. Ga shi kullum buɗu-buɗu da ƙura, geza cike da ƙaiƙayi. Baƙi sukan ce, "Alhaji, wannan ai ya gama yayi, me ake jira da shi?" Danda kuwa tsaye yake ƙyam, jiki fes. Da ya ji gyaran muryar Kawu daga soro sai ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya saki haniniya. "Wannan kam ko gobe a ɗaura masa sirdi," in ji 'yan kallo. Ni ma abin da nake faɗa ke nan, alhali na fi su zuwa gidan.

Cikin hunturun bara waccan surutun mutane ya ishi Kawu, ya aika aka kira likitan dabbobi ya zo ya duba Bikili, ya faɗa masa gaskiya ko azabtar da shi ake yi. Likitan matashi ne, a babur ya zo. Ya sa yaron barga ya ja Bikili a dandaryar ƙasar ƙofar gida, da farko a hankali, sannan da sassarfa, shi kuma ya tsuguna daga baya yana kallon yadda kuturinsa ke hawa da sauka. Ya shafa gaɓar tsakiyar ƙafar da ta sage, ya matsa ta, ya lanƙwasa. Bikili ko gezau, hankalinsa ma yana kan wani ɓawon rake da ya hango.

"Baba, wannan gaɓar ta daɗe da gama rigimarta," in ji likita. "Ƙananan ƙasusuwan ciki sun riga sun haɗe. Tafiyar ba za ta ƙara miƙewa ba har abada, amma zafin kaɗan ne. Akwai ɗingishin ciwo, akwai ɗingishin tabo. Nasa ya fi kusa da na tabo."

Duk abin bai kai minti goma sha biyar ba. Yana wanke hannu da buta ke nan idonsa ya faɗa kan ƙafafun gaba na Danda. Ya ajiye butar. A gaban gaɓar da ke saman kofato, hagu da dama, akwai ƙananan miyaku, wasu sun bushe sun yi ɓawo, wasu ɗanyu. Akwai wani a gwiwa, da ɗan ƙujewa a leɓe.

"Igiyar dabaibayi ce, Likita," in ji Kawu.

"Igiya zagaye take yi, Baba. Waɗannan duk a gaba suke." Ya juya wajen yaron barga. "Samari, yaushe rabon da ka kakkaɓe ƙasa a jikin wannan dokin da safe?"

Yaron ya yi shiru yana lissafi. "Tun damina," ya ce. Har da murmushinsa, don a wurinsa yabo ne: Danda doki ne mai tsabta, ba ya ba shi wahala. Bikili ne ƙazami, kullum sai ya yi birgima, kullum sai an goge shi.

A ranar na san abin da shekara talatin ina ganin dawaki ban sani ba. Kowa ya san doki yana barci a tsaye. Allah ya yi masa wasu jijiyoyi a ƙafafu da ke kulle gaɓɓai, ya tsaya yana gyangyaɗi ba tare da ya gaji ba. Amma wannan gyangyaɗi ne kawai. Barcin nan mai nauyi, wanda ake mafarki a cikinsa, ba ya yiwuwa a tsaye, domin a lokacinsa duk tsokar jiki saki take yi. Doki ba ya bukatarsa da yawa, abin da bai wuce kamar rabin awa ba a kwana guda, amma dole sai ya kwanta zai same shi. Tsohon dokin da gaɓɓansa ke ciwo yakan kai matsayin da kwanciya ta zame masa abin tsoro, ko don zafin durƙusawa, ko don ya taɓa kwanciya ya sha wuya kafin ya tashi. Sai ya daina. Kwanaki su zama makonni, bashin barci ya taru, har wata rana barcin ya sace shi a tsaye, ƙafafun gaba su saki, ya kifa a kan gaɓɓansa, ya farka a firgice. Miyakun da Kawu ya ɗora wa igiya, sawun wannan faɗuwar ne.

Aka kwance Danda aka ja shi. Ni dai ban ga ɗingishi ba, na kuma faɗa. Likita ya ce in daina kallon ƙafafun, in kalli kai tukuna. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki a ƙafafun gaba yake, kuma kansa da wuyansa su ne ma'auninsa. In ƙafar gaba ɗaya tana ciwo, duk sa'ad da ta taɓa ƙasa sai ya ɗaga kai don ya rage mata kaya, in mai lafiyar ta taka sai kan ya sauko. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, su ga kai ya yi ƙasa su ce ƙafar da ta taka a lokacin ita ce mai ciwo, har a je a yi wa lafiyayyar ƙafa lalas. A ƙafar baya kuma kuturi ake kallo, ɓangaren da ke ciwo ya fi ɗayan hawa da sauka.

To kan Danda ba ya motsi, daidai yake tafiya. Sai dai takunsa gajere ne, caɓ-caɓ-caɓ, kamar mai tafiya a kan ƙaya ba takalmi. Da aka ce ya juya a ɗan ƙaramin da'ira, sai ya riƙa jujjuya jiki gaba ɗaya kamar an ɗaura masa katako. Likita ya ɗaga ƙafar dama zai naɗe gwiwar, ko rabi ba ta kai ba Danda ya fizge, kunnuwa suka kwanta. Ta hagu ma haka. Amosanin gaɓɓai ne a gwiwoyi biyun. Mai ɗingishi yana da ƙafar da yake jingina a kanta. Wanda duka biyun suke ciwo ba shi da inda zai kai nauyin, don haka sai ya raba daidai, mu kuma mu ce lafiyarsa ƙalau. A manyan asibitocin dawaki, in ana zargin haka, allurar kashe zafi ake yi wa ƙafa ɗaya. Da ta daina ciwo sai ɗingishin ɗayar ya fito fili.

Likitocin dawaki na Amurka suna da sikelin da suke auna ɗingishi da shi, daga sifili zuwa 5. Mataki na 1 shi ne wanda da ƙyar ake gani, yau akwai gobe babu. Na 2 sai an juya dokin a da'ira ko an hau da shi gangare ko ƙasa mai tauri. Na 3 yana bayyana duk lokacin da aka yi sassarfa, na 4 ko a tafiyar hankali, na 5 kuwa ƙafar ma ba ta taka ƙasa. A Ingila wasu sukan ƙirga har 10. A sikelin Amurka Bikili 4 ne cur, Danda kuwa da wuya ya wuce 2. Sikelin yana da amfaninsa, musamman ga mai son sanin ko doki zai iya sukuwa ko wasan folo. Amma dokin da aka sauke wa sirdi ba wanda yake tambayarsa gudu. Tambayoyinsa wasu ne: yana kwanciya ya tashi da kansa? Yana birgima? Yana iya takawa zuwa ruwa da inuwa? Yana cin abinci ya zauna a jikinsa? Ya damu da abin da ke faruwa a gefensa? In da waɗannan aka auna, Bikili ya ci jarrabawa, Danda ya faɗi tun a tambayar farko.

Kawu bai yarda nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. "Likita, dokin nan fa kullum da fara'a yake tarbata." Likita ya ce ai matsalar ke nan. Kada ya je ya tsaya a gabansa, a sami wanda zai laɓe ya kalle shi cikin dare. Ni aka ɗora wa aikin.

Bayan sallar isha'i na shimfiɗa buzu a bayan zanar da ta raba barga da tsakar gida, na lulluɓa da bargo, ina leƙe ta wata kafa. Akwai farin wata. Minti kaɗan bayan sawun mutane ya ɗauke, sai na ga wani doki daban a turken Danda. Wuyan nan da ke tsaye ya sauko. Kunnuwa suka koma baya suka sandare. Saman idonsa ya tattare, hancin ya ɗame, muƙamuƙi ya ɗaure kamar mai cije abu. Yana ta sauya ƙafa, ya sauke nauyi a dama, kafin in ƙirga ashirin ya mayar hagu. Sau uku ina gani ya shinshina ƙasa, ya tona ta da kofato, ya zagaya turke, ya fara lanƙwasa gwiwa, sai ya fasa ya miƙe. Can gefe Bikili ya baje a ƙasa warwas, har ƙafafunsa na motsi, wataƙila jafin da ya ƙare shekaru da suka wuce yake yi a mafarki. Wajen ƙarfe biyu kan Danda ya yi ta sauka har leɓensa ya kusa taɓa ƙasa, jikinsa ya yi baya, sai ji na yi tim. Ya kifa a gwiwa, ya zabura ya miƙe yana huci. Ban san sa'ad da na ce "subhanallahi" da ƙarfi ba. Yana jin muryata ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya yi mini ɗan gunjin nan na gaisuwa, ya koma Dandan da kowa ya sani.

Masu iya magana sun ce tsohon doki mai sane, amma wannan ba wayo ba ne irin na yaudara. Doki dabba ce da ake farauta a asalinta, kuma a dawa wanda ya nuna rauni shi zaki yake ware wa. Ɓoye ciwo a jininsa yake. A shekarar 2020 wasu masu bincike biyu a asibitin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania, Catherine Torcivia da Sue McDonnell, suka bi bidiyon dawaki 20 da ake jinyarsu saboda ciwon ƙashi da gaɓɓai. Suka tarar da zarar mai kula ya shigo ɗakin, alamun ciwon da dokin yake nunawa suna raguwa da fiye da kashi uku cikin huɗu, wasu ma su ɗauke gaba ɗaya, in ya fita su dawo. A can asibiti ne, da ƙwararru. Ina ga mai doki da ya shigo da dusa a hannu yana kiran sunansa?

Fuskar da na gani a daren nan ma ashe an yi nazarinta. A 2014 wasu masana a Turai suka fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskar doki, alamu shida, kuma kusan duk na gan su ta kafar zana ban san sunansu ba: kunne, runtsewar ido, tattarar saman ido, muƙamuƙi, baki da hanci. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ba mu taɓa kai maganar barga ba.

Sai kuma laifin idonmu. Ciwon gaɓɓai ba rana ɗaya yake zuwa ba. Takun doki yana raguwa da ɗan yatsa a wata, mai shi kuma kullum yana ganinsa, sai idon ya bi shi suna raguwa tare. A 2012 masu bincike daga Jami'ar Liverpool suka duba tsofaffin dawaki 200, masu shekara 15 zuwa sama, suka gwada abin da suka gani da abin da masu dawakin suka faɗa. Kusan rabin dawakin suna ɗingishi, amma masu su da suka san da haka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A haƙora abin ya fi muni, kusan duka suna da matsala, kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka lura da su. Waɗannan fa mutane ne masu son dabbobinsu, a ƙasar da tun 1886 aka buɗe gidan hutu don dawakin da suka gaji da jan keken haya a Landan. Ƙauna ba ta hana wannan makantar, ni a ganina ma ita take ƙara ta, don mai ƙauna abin da yake fata shi yake gani.

Tun daga daren nan na kasa kallon tsofaffin gidanmu yadda na saba. Ka shiga ɗakin Inna ka durƙusa, "Inna, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" Ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, "Lafiya lau, ɗan nan, alhamdulillahi." Ka fito ka shaida wa 'yan uwa a waya cewa ka ganta garau. Wanda suke ta kai wa asibiti shi ne Baffa mai sanda, mai mita, wanda duk unguwa ta san gwiwarsa na ciwo, alhali shi kullum yana majalisa ana musun siyasa da shi, kuma ba ya barin loma a kwano. Ita Inna ba wanda ya tambayi yaushe ta daina zuwa gidan suna, yaushe ta koma sallah a zaune, me ya sa tabarmar da take shimfiɗawa a tsakar gida da yamma ta yi wata biyu a naɗe, me ya sa tuwon dare yake kwana. Abin da mutum ya fara yi kowa yana gani, sanda ce ko tari ko ɗingishi. Abin da ya daina yi ba ya ƙara, sai wanda ya tsaya ya ƙirga. Yarinyar da ke share ɗakin ta fi mu sani, kamar yadda yaron barga ya fi Kawu sani, sai dai ba a tambayarsu, su ma ba su san abin da suka sani yana da daraja ba.

Likita ya dawo ya ba Danda maganin kashe zafi, fenilbutazon, na kwana biyar, ya ce gwaji ne: duk abin da dokin ya koma yi a kwanakin nan, ciwo ne ya hana shi yi a da. A safiya ta uku yaron barga ya shigo da gudu ko sallama babu. "Baba, Danda ya yi datti!" Muka fita. Gefen damansa tun daga wuya har kuturi ƙasa ce da ƙaiƙayi. Kawu ya daɗe tsaye yana shafa ƙasar nan da tafin hannu, bai ce komai ba.

Maganin ba abin wasa ba ne, kuma likita ya ja kunnenmu. In aka daɗe ana ba da shi da yawa yana gyambatar da ciki da hanji, yana taɓa ƙoda, balle a zafin bazara in doki bai sha ruwa sosai ba. Allurarsa kuma in ta kauce wa jijiya tana ruɓar da nama. Masu saye a kasuwa su soka da ka, suna ganin doki ya miƙe su ce an dace, su sani bashi suke ci. Ya rage shi zuwa ɗan abin da zai riƙe dokin, sauran aikin ya ce namu ne. Aka cire Danda daga turke, domin gaɓa mai amosani tsayuwa wuri ɗaya ce take ƙara sandarar da ita. Aka kewaye masa fili shi da Bikili, aka zubo yashin rafi amalanke huɗu a kusurwa ɗaya don ya sami wuri mai laushi, mai faɗin da zai miƙa ƙafa in zai tashi. Aka gyara kofatan da suka yi tsawo. A bakin kominsa kuma muka lura da wasu dunƙule-dunƙulen ciyawa da aka tauna aka tofar. Haƙoran doki suna tsirowa ne a hankali suna cinyewa tsawon rayuwarsa, in ya tsufa sai turamen su ƙare. Aka koma jiƙa masa abinci. Likita ya kuma hana a yi ta ɗura masa gero da dusa don ya yi ƙiba irin ta kwalliyar sallah, ya ce hatsi in ya yi yawa yana kumbura naman cikin kofato, ƙiba kuma kaya ce a kan gwiwar da ta gaji.

Ya ce a sami kalanda a riƙa yin alama, ranar daɗi da ranar wuya, don kada tunani ya yaudare mu. Kawu ba mutumin kalanda ba ne. Ya samo gwangwanin madara ya rataye a ginshiƙin barga. Ranar da aka ga ƙasa a jikin Danda, ya cinye abincinsa, ya taka zuwa wajen Bikili, sai a jefa ƙwayar wake. Ranar da babu, a jefa tsakuwa. Yaron barga ne mai jefawa, Kawu ya ce shi bai amince da hannunsa ba. Duk ƙarshen wata a zazzage a kan tabarma.

Bazara ta yi kyau, wake ya yi rinjaye sosai. Har birgima Danda ya yi sau biyu a yashin nan, ko da yake bai iya juyawa ɗaya gefen ba. Da damina ta sauka aka fara kunnen doki. Watan da aka fara girbi, tsakuwa 19, wake 11. Sannan wata asuba aka tarar da shi a kwance ya kasa tashi, ya tona rami da ƙafafu, gefen fuskarsa ya ƙuje. Sai da ƙarti huɗu suka sa igiya. Bayan kwana biyar aka sake. Doki ba ya jure doguwar kwanciya, nauyinsa yana danne tsokarsa da huhunsa. Bayan tashi na biyu bai ƙara yarda ya kwanta ba, miyakun gaba suka dawo.

Labari ya kai kunnen wani dillali, ya zo har soro da tayinsa. Ba ɓoyayyen abu ba ne inda irin waɗannan dawaki suke ƙarewa. Daga kasuwannin arewa ake loda su a manyan motoci zuwa kudu, irin su Obollo-Afor a jihar Enugu, inda ake yanka su don nama. Ba cin naman nake magana a kai ba, kowa da al'adarsa. Tafiyar nake tunani, kwana da wuni a tsaye cikin mota mai girgiza, a kan gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. An yi ta murna da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya a 2024, kuma abin murna ne, amma ban taɓa jin an tambayi inda dawakin hawan shekara goma da suka wuce suke ba. Kawu ya sallami dillalin da goro.

Abin da ya fi damunsa shi ne ko yana da ikon ɗaukar ran da ba cinsa za a yi ba. Ya je wajen limamin unguwa. Liman ya ce masa malaman Malikiyya sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa, yana cikin Mukhtasar na Shehu Khalil: dabbar da ba a cin namanta, in an fid da rai da ita, ya halatta a yanka ta don a hutar da ita. Ya ƙara da cewa barin dabba cikin azaba shi ne abin da za a tambayi mai ita.

Duk da haka sai da Kawu ya ƙara sati uku. Kullum da dalilinsa: yau ya ga ya ɗan ci, jiya ya yi masa haniniya. A ganina mun makara da wata guda, kuma ni ma ina cikin masu cewa a ƙara gani. Gwangwanin ya riga ya faɗi abin da zai faɗa, mu ne muka riƙa zuwa muna tsayawa a gaban dokin, shi kuma yana yi mana abin da ya saba.

Ranar wata Laraba da sassafe, kafin hunturu ya kankama, aka ja shi a hankali zuwa bayan gona. Likita ya fara yi masa allurar barci, sannan ta biyun. Kawu yana riƙe da ragama har ya kai ƙasa. An haƙa ramin da zurfi sosai, domin maganin yana zama a cikin nama, kare ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa. Bikili ya yi kwana biyu yana kiran ɗan uwansa, ya rage cin abinci, sai da aka kawo masa jakin maƙwabta ya zauna da shi sannan ya natsu.

Yanzu Bikili yana cikin shekara ta 26. An ce wani dokin jan kwalekwale a Ingila, Old Billy, ya kai 62 kafin ya mutu a 1822, amma Kawu ya ce shi ba gasa yake ba. Gwangwanin yana nan a ginshiƙi, an mayar da shi na Bikili, kuma watan jiya tsakuwa biyu aka samu. Baƙi har gobe suna tambayar me ake jira da shi.

In kana da tsohon doki a gida, ko jaki, gobe da asuba ka riga yaron barga fita. Kada ka yi gyaran murya. Tsaya daga nesa ka dube shi tukuna, sannan ka matsa ka shafa gefensa ka ga ko hannunka zai ɗebo ƙasa.